Badon da Na Ƙetaro da Shi Iyaka

Shekarun da kuɗin mai suka iso mana Jibiya, ni tuwo nake sayarwa a bakin shingen iyaka, ta wajen Magama. Aurena ya mutu, na dawo gaban Inna da 'yata ƙarama, kuma ba ni da niyyar naɗe hannu ina jiran wani ya zo ya ce yana so. Na kafa murhuna a gindin wani gawo, direbobin gingimari suka zama 'yan gida. Motoci kuwa ba a magana: masu siminti, masu kwanon rufi, masu buhunan shinkafar waje, duk sun yi layi suna jiran a ɗaga musu ƙarfe su wuce Maraɗi. Wanda jiya yake kan jaki yau ya sayi babur yana neman take mana kaji. Ban yi ƙorafi ba, domin kafin la'asar nake kankare tukunya.

Bayan rumfata, in ka ɗan gangara, akwai tafki. Ba wani babba ba ne. Gulbi ne ke cika shi in ya yi ambaliya da damina, shi kuma ya riƙe ruwan har cikin bazara. Da muna yara ba ka ganin fuskar ruwan saboda bado. Ganye ya rufe ko'ina, ƙananan karfasa suna ɓuya a ƙarƙashinsa, kwaɗi suna hawa kansa, agwagin ruwan nan, kirinjijiya, su sauka garke guda suna ta fito kamar yaran makiyaya. Zalɓe kuma yana tsaye da ƙafa ɗaya a gefe, ya sha mur, kai ka ce shi aka bar wa gadin wurin.

Bado na mata ne a wajenmu. Da kaka a tsinko 'ya'yansa a shanya, a sussuke, a yi tuwo ko kunu da ƙwayar. In ruwa ya ja baya a haƙo saiwar, dunƙulalliya ce baƙa, a dafa a ci da gishiri. Akwai ƙa'ida ɗaya da muka tarar: duk wadda ta haƙo saiwa sai ta ɓalle ɗan da ke manne a jikinta, ta tura shi cikin laka da diddige kafin ta matsa gaba. Inna ce mai tsare wannan ƙa'ida. Ba wanda ya naɗa ta, bakinta ne ya naɗa ta. In ta hangi mace ta cusa uwa da ɗa cikin ƙwarya, daga wancan bakin tafkin za ta kira sunanta da na kakarta.

Sai babban farin nan ya zo. Gero ya ƙone a gona, mutanen arewa suka gangaro mana da 'ya'yansu a kafaɗa, mu ma da ke gida ba mu da abin ba su. Tafkin ya ciyar da mu duka. Aka haƙe uwa, aka haƙe ɗa, aka dawo aka tankaɗe lakar da hannu ko an bar wani abu. Inna ba ta kira sunan kowa ba a shekarun nan. Ba na zargin kowa, don 'yata ma da wannan saiwar ta rayu.

Da ruwan sama ya dawo, tafki ya cika kamar da, amma bado bai fito ba. Damina ta wuce, wata ta zo, shiru. Ruwan ya zauna tsirara, ja wur da laka, rana tana dafa shi. Kifin da gulbi ya kawo ba su da maɓoya, balbela suka tsince su. Kirinjijiya suka yi shawagi sau ɗaya suka wuce. Yaran mota kuma suka samu wurin wanki, har suna juye baƙin mai a gefe. Na yi ta zaginsu, su kuma su ce, “Uwar tuwo, ai kududduhi na.” Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya suka faɗa.

Wata rana da bazara mai unguwa ya yi sallama a gidanmu. A lokacin yanar ido ta rufe wa Inna gani, sai dai ta gane mutum da murya. Ya zauna a bakin tabarma yana ta juya hularsa.

“Inna, ɗan kwangila ya matsa mani,” in ji shi. “Shina son wurin da motoci za su tsaya, an kau nuna mashi tabkin ga. Burji za shi zuba shi cike shi.”

“Kai kau ka ce mi?”

“In ramin sauro na, ba ni da bakin hanawa. Amma in abincin mata na ciki, wannan rumbu na, kuma ba a ruhe rumbu da ƙasa. Na roƙe shi shi jira damina. In bado ya hito, ke za ni tambaya, abin da kinka ce shi za ni kai gaba.”

Zan faɗi gaskiya, raina ya kasu biyu. In aka faɗaɗa tasha, ni ce ta fari da za ta ci riba, sai na ƙara tukunya har da mai taya ni tuƙi. Amma da na dubi Inna na ga yadda hannunta ke laluben bakin tabarma ba tare da tana neman komai ba, sai na manta da zancen riba. Na san matar nan. In aka binne tafkin nan tana ji tana gani, ba za ta daɗe a bayansa ba.

Inna 'yar hayin iyaka ce, daga wani ƙauye ta wajen Madarumfa aka kawo ta aure. Bayan mai unguwa ya fita ta ce mini akwai wani ɗan tafki a bayan ƙauyensu, badonsa iri ɗaya ne da namu. In je wajen ƙanenta, wato Kawu, ya raka ni in ɗebo iri. Na ce wa zai tsare mini rumfa? Ta ce direbobi ba za su mutu ba don sun ci tuwon wata na kwana biyu.

Na ɗauki tulu mai faɗin baki na hau akori-kura. Tun daga hanya na ga fari ya fi yi musu ɓarna a can. Kawu ya karɓe ni da murna, amma da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ce in zo in gani da idona. Ɗan tafkin ya zama fili. Ƙasar ta dare, ramukan da mata suka haƙa suna nan jere ba wanda ya cike su. Na durƙusa na yi ta tono da itace har farcena ya fashe, ban samu ko ɓawo ba.

“Mu ma mun cinye namu, ɗiyata,” in ji Kawu. “Sai dai mu tahi babban tabki, shi bai ƙahe ba.”

Muka tafi a kan jakinsa, ni a bisa shi a ƙasa. A babban tafkin masunta suka nuna mana wani lungu inda ruwa ya janye ya bar laka mai danshi. Shanu sun riga sun cinye ganyen tas, ba abin da ya rage a sama da za ka gane shi da shi. Na shiga har gwiwa ina lalube da ƙafa, matsattsaku suna shan rabonsu. Na samu saiwa masu kyau, wasu har sun fara fito da ɗan toho fari. Duk wadda na ciro sai na ɓalle ɗanta na mayar, Kawu yana dariya yana cewa lalle ɗiyar yayarsa ce ni. Na jera su cikin tulu, na lulluɓe da lakarsu, na rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma.

A dawowa ne na ga tashin hankali. A shingen wancan ɓangaren ana tsananta fita da abinci a lokacin, kuma da dalilinsu, tunda mutanensu ba su gama farfaɗowa ba. Wani jandarma dogo ya ƙwanƙwasa tuluna da sanda.

“Mi ke cikin tulun ga?”

“Laka ta, shef.”

“Laka? Duk arzikin ga da Najeriya ta samu, laka ta rasa?”

Mutanen mota suka kwashe da dariya. Shi kuma ya naɗe hannun riga ya tura hannu ciki, ya zaro saiwa guda. Fuskarsa ta sauya. Ya ce wannan abinci ne, in sauko in jira babbansu. Na rantse masa iri ne ba na ci ba, ya ce kowa haka yake cewa da geronsa. Akori-kura ta tafi ta bar ni.

Na zauna a gefen hanya, ba inuwa sai ta tayar wata gingimari, ita ma da aka sallame ta ta tafi da inuwarta. Rana ta take. Tsumman ya bushe ƙayau, lakar ta fara tsagewa daga sama, ni kuma ba ni da ko kurɓin ruwa. Na cire mayafina na lulluɓe tulun, na zauna na kare shi da jikina. Daga inda nake ina hango gawon rumfata da hayaƙin murhun maƙwabciyata, wadda na san tana can tana kwashe mini masu ciniki. Tsoro nake ji sosai. Ina ta tunanin ɗan tohon nan fari yana dahuwa a ciki, da abin da zan ce wa Inna.

Babban nasu bai zo ba. Wajen la'asar jandarman ya dawo ya tsaya a kaina. Ya ɗauki saiwar da ya ciro ɗazu ya shinshina, ya daɗe yana juya ta a tafin hannu. Ya ce da wannan uwarsa ta riƙe su har ruwa ya sauka, kuma a garinsu ma yanzu babu. Ya buɗe gorarsa ta ƙarfe ya juye ruwan duka cikin tulun, ya mayar da saiwar ya danna ta da yatsa. “Tashi ki tahi, kada in sake shawara,” in ji shi. Da ƙafa na ƙarasa, tulu a ka.

Inna ta tura hannu cikin lakar tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, tana sa mini albarka. Sai na gaya mata cewa ɗan tafkinsu ya mutu, daga babban tafki na ɗebo. Hannunta ya tsaya cak.

“Kin ga ganyenshi?”

“Shanu sun cinye, Inna. Ba bado bado ba ne?”

Ta girgiza kai. A ranar na fara sanin bado iri-iri ne, ni da na girma a bakin tafki. Ta ce namu ganyensa sumul yake a baki, furensa da ɗan shuɗi-shuɗi, da rana yake buɗewa, kuma yakan haifi ɗa a tsakiyar ganye, in ganyen ya tsufa ya nutse ɗan ya kama ƙasa. Akwai kuma wani babba, bakin ganyensa da haƙora, furensa fari fat, shi da hantsi ya ɗaga yake rufewa. A babban tafki akwai duka biyun a da, amma mai haƙoran ya fi yawa. A saiwa kuwa, da idonta ma ba lalle ta rabe su ba, balle yanzu. Ta ce a shuka, Allah ya san abin da ke ciki.

Muka shuka su a can tsakiyar tafkin inda sauran danshi yake, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Daga nan barcina ya ragu. Damuwa biyu nake ɗauke da su: ko za su fito, kuma in sun fito wane ne zai fito. Inna ba ta taɓa shafa wa magana mai ba tunda na san ta. In mai unguwa ya tambaye ta ko badon tafkin ya dawo, alhali baƙo ne, na san ba za ta ce e ba. Shi kuma cewa ya yi abin da ta faɗa zai kai gaba.

Ɗan kwangila bai jira damina ba. Ya ce shi bai taɓa tafki ba, gefe kawai yake gyarawa. Tifofi suka fara juye burji daga gabas, kullum gefen yana matsowa. Ina tuƙa tuwo ina jin ƙarar juyewar a bayana. Direbobin tifar a wajena suke cin abinci, ina zuba musu miya ina harararsu. Ɗaya ya ce, “Uwar tuwo, yau miyar ba nama?” Na ce naman yana ƙarƙashin burjin da ya zuba, ya je ya tono.

Ruwa kuma ya yi jinkiri. Shamuwa ta zo ta yi sheƙa, hadari ya haɗu ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Duk wanda ya ga farin nan ya san yadda ƙirji ke yi in hadari ya watse. Kowace safiya kafin in hura wuta sai na ɗebo ruwa daga rijiyar da muke tonawa a yashin gulbi, in zuba cikin ƙayar nan, ƙasa ta shanye kamar ban zuba ba.

Ranar da ruwan farko ya sauka kowa na murna, ni kuwa na fita da gudu ba ko ɗankwali. Ruwan da ke gangarowa daga inda motoci ke tsayawa baƙi ne, ya kwaso duk man da aka yi ta zubarwa, kuma tafki ya nufa kai tsaye. Na ƙwala kira. Maƙwabciyata mai kwashe mini ciniki ita ta fara fitowa da fartanya, sai ga wasu matan. Muka cika tsofaffin buhuna da burjin ɗan kwangilar muka tare, muka haƙa wa ruwan wata hanya ta bi bayan shinge. Duk da haka wani ya tsallake. Da ruwa ya ɗauke muka bi saman tafkin da tsofaffin tabarmi muna tsane man da ke yawo. Na koma gida baƙi ƙirin, 'yata ta gan ni ta fashe da kuka.

Bayan haka gulbi ya kawo, tafki ya cika, ƙayata ta nutse. Ba abin da ya rage sai kallo. Na yi ta kallon ruwan nan har direbobi suka fara cewa aljanin tafki ya aure ni. Sai wata safiya na hangi wani abu ja-ja a nannaɗe ya leƙo a tsakiya. Kafin mako ya zagayo sun yi yawa, sun baje, sun zama kore. Na ɗaura zane na shiga har ƙirji na kamo ɗaya. Bakinsa da haƙora. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina fata ko guda ya fita daban, duka haka suke. Na tsaya cikin ruwan na yi kukana ni kaɗai.

Ban gaya wa Inna ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Muna kwana ɗaki ɗaya, kowa ya san ɗaya ya sani.

Mai unguwa ya sa rana, ya zo da safe tare da wakilin ɗan kwangila, wani mai baƙin tabarau da ke ta duba agogo. Mata suka cika bakin tafki. Furanni farare sun buɗe, kwaɗi sun dawo da surutunsu, 'yan kifi suna wulgawa a ƙarƙashin ganye. Na riƙe hannun Inna muka shiga ruwa. Na miƙa mata ganye. Ta bi bakinsa da yatsa a hankali har ta zagayo inda ta fara, sa'an nan ta shafa tsakiyarsa.

“To, Inna,” in ji mai unguwa daga tudu, “badonku ya dawo?”

“Namu bai dawo ba,” in ji ta, da ƙarfi yadda kowa zai ji. “Namu mun cinye shi, ya tahi. Wannan baƙo na, daga hayi anka kawo shi.”

Wakilin ya gyara tsayuwa. Ni kuwa na ji kamar in nutse.

Inna ta ci gaba: “Amma ana cin ɗiyanshi, ana cin saiwarshi, kihi kau bai tambaye shi garinsu ba. In yunwa ta komo, shi za ku tona. Wanda duk ke da tabbacin ba ta komowa, shi zuba burjinshi ina tsaye.”

Kowa a wurin ya binne wani a shekarun nan, har mai tabarau ɗin ina jin, don ya daina duba agogo. Mai unguwa ya sa aka kawo turaku, aka kafa su daidai inda burji ya tsaya. Kusan rabin tafkin ya riga ya tafi, sauran aka bar mana.

Mata suka yi ta guɗa. Na ce, “Inna, mun tsira da shi.” Ita kuwa ta ce in fitar da ita, sanyi take ji. Muka zauna a kan burjin tana matse bakin zanenta. Can sai ga 'yata ta fito daga ruwa da gudu, ta tsinko fure fari ɗaya, ta ɗora wa kakarta a cinya.

“Inna, ga badonmu!”

Na buɗe baki zan gaya mata ba shi ba ne, namu shuɗi ne, yana haihuwa a kan ganye. Inna ta damƙe mini hannu. Ta laluba kan yarinyar ta shafa, ta ce, “Naku na, ɗiyata. Ki riƙa mayar da ɗan.”